Cokalin Man Kifi

Shekara tara Ƙyalesu na gadin lambuna
a gefen ruwan Daberam, inda ɓarawon tumatir ba ya barci.
Ladansa ƙanzo ne, da guntun tuwon jiya,
wata ran ƙashin da mahauci ya yi wa rowar nama.
Bai taɓa kai ƙarata ba.

Bana gashinsa ya dushe kamar tabarmar da aka manta a rana.
Yana susa har fata ta fashe,
inda ya kwanta sai ka rantse dusa aka zubar.
In zai tashi, sai ya yi shawara da ƙafafun baya,
ɗaya ta yarda, ɗaya ta ce a dakata.
Na ce ƙuma ce, na wanke shi da sabulun salo.
Na ce ƙazuwa ce, na dafa ganyen darbejiya.
Ya yi wanka uku, ya tsane ni kwana uku, susa na nan.

Ranar Laraba na aza shi a amalanke zuwa cikin Daura,
yara na bin mu da dariya har ƙofar asibitin dabbobi.
Likita Rumasa'u ta buɗa gashin da yatsu biyu,
ta lanƙwasa gwiwar a hankali, ya yi ƙara.
"Baba Barmo, me yake ci?"
Na ce, abin da na ci.
Ta dube shi, ta dubi sandata, ba ta ce komai ba tukuna.

Sannan ta ce akwai maiƙon da jiki ba ya ƙerawa,
sai dai ya shigo ta baki, kamar baƙo ta zaure.
Omega, in ji ta.
Na ce, 'yar nan, ai wannan agogo ne.
Ta yi dariya, ta ce wa da ƙane ne:
na shida yana cikin man gyaɗa da masara da kitsen kaza,
shi ke riƙe fata kada ta tsage.
Na uku kuwa a kifin teku yake zaune,
shi ke yayyafa wa kumburi ruwa,
ya shiga gaɓoɓi kamar mai a ƙyauren da ke kuka.
In wan ya cika gida, ƙanen ba ya nan,
to, wuta na ci ba mai ɗebo ruwa.

Ta auna nauyinsa kafin ta auna cokali.
Kada in ƙara don ƙauna, zawo zai biyo.
Kada kwalbar ta ga rana, mai yana yin ɗoyi.
In kifi na saya, a dafa, a zare ƙaya,
ba gishiri, ba albasa ko ƙwaya.

Ta-Annabi ta tare ni a bakin murhu:
"Mu kuka, kare kifi?
Wanda bai taɓa ganin teku ba ko a mafarki?"
Na ce ni ma ban gani ba.
Na lissafa mata kwandon tumatir nawa haushinsa ya tsare.
Ta yi tsaki, amma ita ta zare ƙayar.

Mako guda, ba komai. Mako uku, susa ta ragu.
Sai da wata biyu ya cika
na ga hasken fitila yana zamewa a bayansa.
Bai koma ɗan kwikwiyo ba, kada in yi ƙarya,
furfurar bakinsa na nan, sanyin asuba na kama shi.
Amma daren jiya wani ya taɓa shinge,
kafin in lalubo sanda
haushi ya riga ya kai bakin ruwa.

Na tsaya a duhu ina dafe da gwiwa.

Da rana na buɗe kwanon miya,
sai ga rabin kifi kwance a tsakiyar kuka.
Ta-Annabi na tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.
"Ci," ta ce. "Na gaji da jin tashinka."